Kumfar Malam Mumini

Duk wanda ya san Malam Abdulmumin Ubale a garin Greenbelt na Amurka zai gaya maka abu biyu: ba ya makara a sallar Juma'a, kuma ba ya magana sai ta kama dole. Dogo ne siriri, mai faffaɗan ƙirji kamar aro ya yi. In ana gidan suna, ana ta cacar baki kan siyasar gida, shi yana gefe da kofin shayinsa yana gyaɗa kai, har a watse ba a ji ta bakinsa ba. Matarsa Rabi, ma'aikaciyar jinya mai bakin da ba ya gajiya, takan ce Allah ya haɗa su ne don a samu mai sauraro a gidan. Abin da yawancin mutane ba su sani ba, shirun nan koya masa aka yi, kuma a cikin ruwa aka koya masa.

Basarke ne, jinin masunta, haifaffen ƙasar Yauri, a bakin Kwara. Mahaifinsa Ubale ba kamun kifi kaɗai yake yi ba, shi ake kira in jirgi ya kife. Shi ke nutsawa ya ciro buhun albasa, ko injin, ko keken ɗinkin wata baiwar Allah, in kuma abin ya zo da ƙarar kwana ya ciro mutum a miƙa wa danginsa su yi masa sutura. Tun Mumini bai kai tsayin filafili ba uban yake kai shi inda ruwa ya yi zurfi, ya danna kansa ƙasa, ya tsaya yana kallon saman ruwan. Da ya ga kumfa ta taso sai ya ɗago shi ya murɗe masa kunne.

"Kumfa ranka ce," in ji Ubale. "Wadda ta fita ba ta dawowa. Rufe bakinka."

Ya kuwa rufe. Ya rufe har ya zama yaran gari ba sa sa shi a gasar nutso, don in ya shiga sai mata masu wanki sun fara salati kafin a ga kansa. Da ya tasa, shi ke bin uban in an yi kira, kuma tun daga lokacin jikinsa ya haddace abu ɗaya: in ka ga mutum a ƙasan ruwa, ka cafke shi, ka toshe bakinka, ka yi sama da iya ƙarfinka.

Boko ce ta raba shi da kogi. Ya koyi gyaran famfo da injinan sanyi, ya yi aiki a wurare nan da can, sai ga shi bizar caca ta zuwa Amurka ta faɗo kansa, shi da bai taɓa cin ko sabulu a gasa ba. Ya samu aiki a wani babban ginin gwamnati a Southwest Washington, cikin masu kula da tukwanen ɗumama gini da bututun ruwa. Har yau can yake. Da asuba ya shiga jirgin ƙasa na Green Line daga tashar farko, ya sauka ya gangara ƙasan gini, inda ba mai damunsa da hira sai ƙarar injin.

Sau ɗaya ya gwada ruwan Amurka. A bazararsa ta farko ne, wata Asabar zafi ya ishe shi, ya gangara wani wurin shaƙatawa a bakin Potomac inda ake gasa nama ana tuƙa keke. Ya ga kogi shimfiɗe ba kowa a ciki. Abin ya ɗaure masa kai: ga ruwa, ga zafi, ga mutane suna fifita da faranti. Ya tuɓe riga ya ninke ta a kan takalmi, ya yi bismillah ya faɗa. Da yake an daɗe ba a haɗu ba, sai ya ɗan jima a ƙasa. Ko da ya fito bakin kogin ya cika, wata tsohuwa tana kuka, motar 'yan sanda tana walƙiya, wani ƙato ya riga ya cire takalmi zai shiga ceto. Aka lulluɓe shi da bargo a tsakiyar zafin nan. Wata mata mai taushin murya ta zauna kusa da shi tana tambaya ko yana da wanda yake gaya wa damuwarsa. Ya ce shi ba shi da damuwa, zafi yake ji. A ƙarshe dai aka fahimtar da shi cewa doka ta hana iyo a wurin. Ya koma gida yana ta juya maganar kogin da ba a shiga, kuma daga ranar ya yi sallama da ruwa in ba na alwala da wanka ba.

Allah bai ba su haihuwa ba sai ɗaya, mace. Aka sa mata Ɗija, sunan mahaifiyarsa da ta rasu kafin ya baro gida. Nan fa sunan ya shiga tsaka mai wuya. Sunan uwa ne, ba ya fita daga bakin ɗa. 'Yar fari ce kuma, a yadda aka rene shi ba a kiran sunanta, ba a zuba mata ido, ba a rungumarta a gaban mutane. Rabi ta ce Ummi, ta huta. Shi kuwa ko Ummin nauyi take masa, sai dai "ke", ko ya ce da Rabi, "Gaya wa yarinyar nan abinci zai huce," alhali yarinyar tana zaune a gabansa. A waje kuwa kowa Ɗija yake cewa, daga malaman makaranta har direban bas. Tana firamare ta taɓa tambayar uwarta ko Baba ya san sunanta. Rabi ta yi dariya har da hawaye, ta ba shi labari, shi ma ya yi murmushi. Babu wanda ya lura yarinyar ba wasa take ba.

Jini dai ba ya ɓuya. Ummi ta tashi da son ruwa kamar agwagwa. Shi ke kai ta wurin koyon iyo kafin gari ya waye, ya zauna a mota da carbi har ta fito. Bai taɓa shiga ya kalla ba, don kada a ce yana ji da 'yar fari. Ta girma tana jin Hausa tas, tana amsawa da Turanci. In ya ce, "Ke, an dawo?" ta ce masa eh da Turanci ta wuce ɗaki. Ta karanci halittun ruwa a jami'a, ta koyi nutso irin na masu goya tukunyar iska, har ta kai matsayin taimaka wa masu koyarwa. Bana aka ba ta aiki a Oregon, can ɗaya ƙarshen ƙasar, za ta tafi in bazara ta ƙare.

Rabi ce ta yi suɓutar baki ta ba ta labarin Yauri. Washegari Ummi ta tsaya a ƙofar falo, ta ce da Turanci ta yi masa rajistar koyon nutso, in ya samu katin shaida za su shiga ruwa tare kafin ta tafi. Ta faɗa da sauri kamar mai tsoron a katse ta. Shi kuma ya ce, "To," yana kallon talabijin.

Da suka keɓe Rabi ta tare shi. "Malam, bari in gaya maka gaskiya. Yarinyar nan ta tambaye ni ko wani laifi ta yi maka tun tana ƙarama. Na yi bayanin kunya har bakina ya bushe, ta ce ita son da ba a gani ba ta gane shi ba. Ruwan nan shi ne ƙofa ta ƙarshe da ta buɗe maka. In ta tafi a haka, gaisuwa za ta riƙa aiko maka ta wayata, shi ke nan."

Malam Mumini ya yi ta juya zancen a ransa. Shi da ya yi shekaru yana zaman mota cikin sanyi? Shi da ba ya iya cin abinci in ba ta dawo ba? Ashe duk wannan ba a ganinsa? Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji a ƙasan Kwara ba.

Malamin nutson wani mutumin Jos ne, Dachung, gajere mai ƙiba da yawan dariya, tsohon sojan ruwan Amurka da ke zaune a Springfield. Wannan ma wani abin ɗaure kai ne: Basarke ɗan Ubale zai zauna gaban mutumin kan dutse a koya masa ruwa. Dachung da ya ji tarihinsa, sai ya laƙaba masa Sarkin Ruwa, kuma bai sake kiransa da wani suna ba.

A kwamin iyo na cikin gari aka fara. Aka ba shi rigar roba mai matse mutum kamar an ɗura shi a safa, da gilashin fuska, da takalma masu faɗi irin ƙafar agwagwa, da tukunya a baya, da abin shaƙa da ake cizawa a baki. Har da dalma aka ɗaura masa a ƙugu don ya nutse, shi da nutsewa ba ta taɓa zame masa aiki ba.

"Doka ta farko, ita ce kuma ta ƙarshe," in ji Dachung. "Kada ka taɓa riƙe numfashi."

Malam Mumini ya ɗauka kunnensa ne. "Kada in me?"

"Kada ka riƙe. Ko abin nan ya fita daga bakinka, ka riƙa sakin kumfa kaɗan-kaɗan har ka mayar da shi."

"Kumfa kuma? Da gangan?"

Dachung bai yi gardama ba. Ya ɗauki balan-balan ya sauka ƙasan kwamin, ya cika shi tam da iskar tukunya, ya ƙulle ya saki. Balan-balan ya taso yana kumbura, kafin ya kai sama ya fashe.

"Huhunka ke nan, Sarkin Ruwa," ya ce da ya fito. "Babanka ba ƙarya ya yi ba. Shi da iskar sama yake sauka, da ita yake dawowa. Kai a ƙasa kake shaƙa, iskar ƙasa kuwa in tana hawa kumbura take. In ka rufe mata ƙofa, za ta yi wa kanta."

Ya gane sarai. Mutumin da ya tsufa a gaban tukwanen tururi ba sai an yi masa dogon bayani kan abin da matsewar iska ke yi ba. Kai ya yarda, jiki ne ya ƙi. Duk abin da aka koya masa ya iya, wasu ma kafin a gama faɗa. Amma da zarar ya cire abin shaƙa, sai leɓɓansa su haɗe kamar an ɗinke, ya zauna a ƙasan ruwa shiru abinsa, cikin jin daɗi, har sai Dachung ya zo yana buga masa gilashi yana nuna masa baki. In ya tilasta wa kansa ya saki 'yar kumfa, sai ya ji kunnensa na dama yana zafi, daidai inda Ubale ke murɗawa. Ummi tana gefe tana kallo. Duk lokacin da ta zo duba masa igiyoyi da ma'aunin iska, kamar yadda aka wajabta wa abokan nutso, sai ya kau da kai yana kallon bango.

Da lallami da tsiya dai aka ce ya isa zuwa ruwan waje. Wurin a Virginia yake, tafiya mai ɗan nisa bayan an bar cunkoson babban titin Beltway. Tsohon ramin fasa dutse ne da ruwa ya cika, aka kewaye shi da ciyawa da tebura aka mai da shi wurin shaƙatawa. Ba jirgi, daga baki ake takawa a shiga. A gefen da ba zurfi iyalai na kife a saman ruwa da gilashi da ɗan bututu a baki suna leƙen ƙasa. Malam Mumini ya fito daga mota da jallabiya a kan rigar roba, don ya rantse ba zai ratsa jama'a a haka ba. Ya tsaya yana kallon masu leƙen, ya tambayi Dachung me suka yar.

"Ba su yar da komai ba. Kallo suke."

"Ku ma da kuke sauka ƙasa, ba abin da kuke cirowa?"

"An ma hana. Ko tsakuwa ba a ɗauka."

A Yauri ba mai nutsawa sai da dalili, kuma dalilin ba ya zama mai daɗi. Nan kuwa ga mutane sun tuƙo mota tun safe, sun sha kaya kamar jakuna, don su je su gano su dawo hannu rabbana. Dachung ya tara ɗalibai yana bayanin abin da za a tarar a ƙasa, da Turancinsa mai gudu, ana ta dariya. Malam Mumini bai ji ko rabi ba, hankalinsa na kan yadda zai cire jallabiya ba tare da an gan shi ba.

Suka taka suka shiga, su uku, shi da Ummi da Dachung, suka bi igiya suna gangarawa. Ruwan kore ne, mai sanyi, kuma tun da ya baro gida bai ji abin da ya ji a lokacin ba. Ƙirjinsa ya buɗe. Ƙananan kifaye suka zo suna leƙa gilashinsa ba tsoro. Sai wani abu babba ya fara bayyana a gabansu, rawaya, da tagogi a jere. Bas ce, irin ta 'yan makaranta, zaune a ƙasan ruwa. Ya matsa ya leƙa ta tagar gaba, ya ga mutum a kujerar direba, da hula a kai, hannu a kan sitiyari.

Daga nan Malam Mumini na Greenbelt ya tafi, ɗan Ubale ya dawo. Ya ja numfashi ya cika ƙirji, ya tofar da abin shaƙa don yana tare masa fuska, ya zura hannu ya cafki direban, ya toshe nasa bakin, ya daki jikin motar ya yi sama.

Bai yi nisa ba aka riƙe masa ƙafa. Dachung ne, ya rataye a jikinsa kamar buhu. Ya yi ta fizga, yana mamakin wane irin mara imani ne zai hana a ciro gawa. Sai ga Ummi a gabansa, idanunta sun firfito a bayan gilashi, tana nuna masa baki, tana nuna masa baki. Bai saki iskar ba. Ta dunƙule hannu ta kai masa naushi a ciki. Iska ta ƙwace masa gaba ɗaya, ta cusa masa abin shaƙarta na biyu, suka hau da shi a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai.

A bakin ruwa aka zaunar da shi aka sa masa iskar asibiti, ana tambayarsa ko ƙirjinsa na ciwo. Sai a lokacin ya duba abin da ke hannunsa. Hannu ne na roba, daga kafaɗa zuwa yatsu, irin na gumakan da ake sa wa kaya a kanti. Wai masu wurin ne suka nutsar da motar da gangan, suka zaunar da gunki a ciki don a yi dariya. Ya dubi hannun, ya dubi jama'a. Wace irin ƙasa ce wannan, da ake hana mutum shiga kogi, a kuma jefa mota a ruwa don nishaɗi? Abin da ya fi tsaya masa a rai ma ba wannan ba ne. 'Yar cikinsa ta naushe shi, kuma kowa na ce mata sannu da ƙoƙari.

Ummi ba ta yi dariya ba. Tana tsaye ta ce da Turanci an gama, ba za ta sake shiga ruwa da shi ba, gara ta tafi ba su yi ba da ta kashe shi da hannunta. Da suka isa gida Rabi ta tasa shi gaba sai asibiti, aka duba aka ce huhu lafiya, Allah ya tsare. Ummi kuwa ta shiga ɗaki ta fara haɗa kaya a kwali, alhali tafiyar da saura.

Dachung ya kira shi bayan kwana biyu, wannan karon ba dariya. "Malam, zan ba ka dama ɗaya, a wurin da ba zurfi, in ita ta yarda. In ban ga kumfa ba, ba kati, kuma ba zan sake sa ka a ruwa ba. Bar tunanin hurawa. Yi sauti kawai. Buɗe baki ka ce aaa, mai magana ba ya riƙe numfashi."

Ya gwada a baho. Ya cika robar wanki ya tsoma fuska a kicin, Rabi na tsaye a kansa da tawul. Dattijo mai furfura, wai ya ce aaa kamar yaro a gaban likita. Sautin ya ƙi fita. Ya ɗago yana ɗigar ruwa ya ce shi bai saba buɗe baki ba tare da abin faɗa ba.

"To ka faɗi wani abu mana," in ji Rabi. "Ai kana da abin da ka daɗe kana riƙewa."

"Kamar me?"

Ta miƙa masa tawul ta koma kan tukunyarta. Ita ce kuma ta shawo kan Ummi, ta yaya, bai sani ba. Ya dai ji muryoyinsu a ɗaki, ɗaya da Hausa ɗaya da Turanci, har da abin da ya yi kama da kuka.

Suka koma ranar Asabar ta ƙarshe kafin tafiyarta. Wannan karon ya manta da jallabiya a mota, bai ma lura ba. Dachung ya kai su wani dandamalin katako da ke ƙasan ruwa kusa da baki, suka durƙusa a kai. Gwajin shi ne na wanda iska ta ƙare masa: ya yi wa abokinsa alama, ya cire abin shaƙarsa, ya yi ta sakin kumfa har abokin ya miƙo masa nasa na biyu, sannan su riƙe hannun juna, ido cikin ido, su hau tare. Dachung ya ja Ummi gefe tun a sama ya ce kada ta yi saurin miƙawa, yana so ya gani da idonsa.

Malam Mumini ya yi alamar. Ya cire abin shaƙa. Leɓɓansa suka haɗe nan take, kunnensa ya ɗauki zafi. Ya san Dachung na gefe yana kallo, ya san lokaci na tafiya, ya nemi aaa ɗin nan ya rasa inda ta shiga. Ba inda zai kau da kai, don haka ya dubi yarinyar. Rabon da ya kalle ta haka tun tana cikin zanen goyo. Ashe girar mahaifiyarsa ce da ita. Tana riƙe da abin shaƙar, kuma a idonta ya ga ta riga ta haƙura, irin haƙurin wanda ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofa ya gaji. Tausayinta ya kama shi, da son da ya yi masa yawa a ƙirji har ba wurin ajiye shi.

Ya buɗe baki ya kira sunan. "Ɗi" ta fita da ƙyar, "ja" kuwa ta biyo baya ta ƙi ƙarewa, ta yi ta fita tana tashi a gaban gilashinsa fara fat, yana jan ta yana jan ta, yana jiran a murɗe masa kunne. Ba a murɗe ba. Sai ji ya yi an sa masa abin shaƙa a baki, ya ja iska, ta kama damtsensa ya kama nata, suka tashi a hankali suna bin kumfarsu.

A sama Dachung ya cire gilashi yana dariya, yana cewa yau dai Sarkin Ruwa ya yi magana, ya juya ya yi gaba zuwa baki ya bar su. Malam Mumini bai san ko ya ci ko ya faɗi ba, bai ma tambaya ba. Kunya ce ta rufe shi, yana ta istigfari a zuci yana neman gafarar mahaifiyarsa, yana kuma lallashin kansa da cewa ai a ruwa ba a jin magana. Ya so ya zare hannunsa, ya ji ba a sake shi ba.

Ummi ta tura gilashinta goshi. Fuskarta jiƙe take, kamar ta kowa a wurin. Ta dube shi, ta gyara murya kamar mai shirin ɗaga abu mai nauyi, ta ce da Hausa:

"Na'am, Baba."